Littafin Farin Zare

Duk lokacin da keke ya bi da ni ta Kakuri nakan kau da kaina daga gefen masaƙa, amma kunnena ba ya kauwa. Har yau ina sauraron jiniya, alhali na san ta yi shiru tun kafin a haifi jikokina. Ginin yana nan a tsaye, kwanon rufin ya tafi, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda muke jingine kekunanmu. Yaran yanzu suna wucewa ta wurin kawunansu a sunkuye cikin waya, ba su san an yi lokacin da ƙasar nan take rawa a ƙarƙashin ƙafa saboda ƙarar injuna ba. Mu da muka yi aiki a sashen saƙa mun saba magana da ihu, har a gida sai an ce mana mu rage murya, ba faɗa ake yi ba. In an tashi daga aikin safe sai ka ga mutane sun ɓarko ta ƙofa, kowa da auduga a gashin kai da gira, mu 'yan Kudancin Kaduna da 'yan Filato da 'yan Binuwai da Hausawa duk a cakuɗe, masu ƙosai da soyayyar doya suna jiranmu a bakin titi. Ba zan yi muku ƙaryar tsofaffi in ce zamanin ya fi na yanzu daɗi ba. Zamani ne mai zafin hannu. Inji kan cinye yatsun mutum da safe, a goge jinin da tsumma a ci gaba da aiki. Magidanci kan yanko guntun bel na inji ya kai gida ya rataye a bayan ƙofa, kuma ba don ado ba. Dattawanmu kullum cewa suke namiji ba ya tsayawa dogon bayani a cikin gidansa, mu kuma muka ɗauka hikima ce muka riƙe.

A bakin titin, tsakanin mai gyaran keke da wata mai ƙosai, akwai rumfar wani dattijo ɗan Filato da muke kira Baba Uku. Shi ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Inji ya cire masa yatsu biyu a hannun dama ya bar masa uku, da su ya koma ba da hayar littattafai. Littattafansa ba su da yawa, mu masu karatu kuwa muna da yawa, don haka ya fito da dabara. In littafi ya yi kauri sai ya farke shi ya raba shi kashi-kashi, ya ɗinke kowane kashi da basilla da zaren masaƙa, ya yi masa bango da takardar buhun siminti, ya rubuta lamba kawai a baya. Ta haka mutum biyar za su karanta littafi ɗaya a mako guda. Ba suna, ba hoton bango. Da launin zare ake gane abin da ke ciki: jan zare na yaƙi ne da aljannu da matsafa, shuɗin zare na soyayya, farin zare kuwa na lafiyar jiki ne, irin na al'amuran mata da maza. Masu farin zaren ba ya baza su a kan tebur. Suna cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bencinsa, 'yarsa da take aikin nas ce take kawo masa, kuma sai mutum ya matso ya yi ƙasa da murya sannan ya ba shi.

Ni ɗan jan zare ne, kuma ba na wasa ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da ƙarfi, ina da albashi, ba ni da mata, me zai hana ni? Na karanta labarin jarumin da ya sare kawuna bakwai da sara ɗaya, na karanta na birnin da ke ƙarƙashin teku, da na aljanin da ake ɗaure shi da gashin doki. In ina tsaye gaban injina, jikina ne kawai a wurin, ni ina can kan dutse da takobi. Abin da na fi so a cikinsu shi ne jarumin ba ya tambaya. Da ya ga maƙiyi ya san maƙiyi ne, fuskarsa ma ta nuna. Ya zare takobi, ya gama aiki, mutanen gari su fito suna guɗa. Ban taɓa karanta wanda jarumin ya sare kan mutum sannan aka zo aka ce masa kuskure ya yi ba. A yau, da furfurata, har yanzu ina jin daɗinsu, ba zan ɓoye ba, ƙaryarsu tana da zaƙi. Amma in na ga jikana yana kallon irinsu a waya nakan ce masa ya kalla ya more, kada dai ya fita waje da su a kansa.

Shuɗin zare kuwa raina shi nake yi. Mu maza muna kiransu littattafan hawaye. Shafi ashirin ana rubuta wasiƙa, shafi talatin ana jiran amsa, saurayi ya zauna gindin mangwaro yana tambayar budurwa me ke damunta har sau uku. Nakan ce wannan ai ɓata takarda ne. Sai da na tsufa na gane cewa, duk da shirmensu, su kaɗai ne littattafan da namiji ke zama a cikinsu ya yi tambaya ya kuma jira a ba shi amsa. Na farin zare kuwa ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na dai ji abokai suna raɗa cewa akwai zane a ciki, suna dariya suna zungurin juna, shi ke nan abin da na sani.

Ƙanwata Laraba ce mai karanta shuɗin zare a ɗakinmu. Bayan rasuwar babanmu na sa aka kawo mini ita daga gida, na samar mata aiki a sashen duba yadi, muka zauna a ciki da falo a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya. Ita a ciki, ni a falo. Shekararta ashirin da biyu, ga saurayinta wani mai koyar da yara a unguwar Romi, har an fara maganar kai kaya. Yarinya ce mai tsokana. In ta gan ni na dulmuya cikin karatu sai ta leƙo ta ce, "Yaya, yau kai nawa aka sare? A ajiye mana ɗaya mu yi farfesu." Ni kuma in ce ta je ta ci gaba da kukan mutanen da ba a haife su ba. Da mamanmu za ta tafi bayan ta kawo ta, ta riƙe hannuna a tasha ta ce mini, "Kai ne ubanta yanzu. Kada in ji wani abu." Na ɗauki maganar nan na rataye ta a wuya, na kuma fahimce ta yadda samarin lokacin suke fahimta, wato in tsare ta daga maza. Ban yi tunanin akwai wani abin da ake tsare mace daga gare shi ba.

Wata ranar Asabar na taso daga aikin safe, na ci abinci, na jawo kwalin da nake tara littattafaina a ƙarƙashin kujera. A saman na jan zare na ga wani mai farin zare, lamba biyu a bayansa. Na buɗe. Abin da idona ya fara sauka a kai zane ne na jikin mace, tsirara, an buɗe cikinta ana nuna abin da ke ciki. Na juya shafi, wani zanen. A gefe kuma an ja layi da fensir a ƙarƙashin wasu jimloli, wasu har sau biyu. Da Hausa aka rubuta shi, Hausa mai sauƙi, manyan baƙaƙe. Ni da nake cinye kashi uku a yini, ban karanta ko kalma ɗaya ba. Jini ya hau mini kai. Na ce a raina, wato har zama take tana ja masa layi, sannan don rainin hankali ta ɓoye shi cikin kayana, inda take ganin ba za a zarge ta ba.

Tana tsakar gida a durƙushe gaban risho. Na ɗauko bel ɗin da ke bayan ƙofa, wanda tun da na rataye shi ban taɓa amfani da shi ba, na fita.

"Wannan na wane ne?"

Ta ɗago ta ga littafin, ta sunkuyar da kai. "Nawa ne, Yaya."

"Wa ya ba ki?"

"Baba Uku. Yaya, ka tsaya ka..."

Ban bar ta ta ƙarasa ba. Marin farko ya kifar da ita kan tukunya, miya ta zube, risho ya mutu. Na bi ta da bel. Bel na inji ba kamar na wando ba ne, yana da kauri, inda ya sauka sai fata ta tashi. Na dake ta a baya, a cinya, a hannun da ta ɗaga. Abin da na lura da shi, kuma ban gane ba sai daga baya, shi ne ba ta kare fuskarta ba. Cikinta ta rungume da hannu biyu ta dunƙule. Matan gidan suka fito suna salati, wasu suna kiran Yesu. Maman Iliya, maƙwabciyarmu, wata babbar mace 'yar Binuwai, ta shiga tsakaninmu har bel ya same ta a kafaɗa.

"Kashe ta za ka yi? Kai, ka haukace ne? Me ta yi?"

Na ɗaga littafin sama na buɗe zanen kowa ya gani. Wani magidanci daga ɗakin ƙarshe ya ce, "Ai gara da ka yi maganinta da wuri." Laraba tana kwance cikin miya da ƙasa, leɓenta ya fashe.

Zuciyata ba ta huce ba. Na biya na ɗauki abokaina biyu da muke sashe ɗaya, su ma 'yan jan zare, muka nufi bakin titi. Rana ta fara karkata, titi cike yake da mutane. Baba Uku yana zaune kan bencinsa da basilla a baki, yana daidaita wasu shafuka a cinya. Da ya gan ni sai ya yi murmushi.

"Ɗana, kashi na shida ya dawo, na ajiye maka."

Na jefa masa littafin a fuska. "Tsohon banza, kai ne kake lalata 'ya'yan mutane?"

Ya ɗauka ya duba lambar, fuskarsa ta canza. "Ina yarinyar? Me ka yi mata?"

Na sa ƙafa na ture bencin, ya faɗi ta baya kansa ya bugi turken rumfa. Na hau shi da bel, abokaina suka kifar da tebur. Mutane suka taru, aka fara tambaya, aka fara ba da amsa, kafin minti biyar labari ya zama an kama tsoho yana raba wa 'yan mata hotunan batsa. Wanda bai san komai ba ma ya kawo nasa dukan. Ɗaya daga cikin abokaina ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin benci, ya zazzage shi a ƙasa, ya fizgi kwalbar kananzir daga wurin mai ƙosai ya tuttula. Da Baba ya ga haka sai ya rarrafo, jini yana zuba daga goshinsa, ya miƙa hannun nan mai yatsu uku cikin tarin yana lalube.

"Ɗana, ka dake ni, ban hana ka ba. Amma ka bar na uku. Na biyu ta karanta, na ukun take bukata. Don girman Allah ka kai mata na uku."

Na ji kamar ya zage ni. Wato a gabana, yana cikin jini, yana neman in kai wa ƙanwata ci gaban abin da hannuna. Ina sanye da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Na ɗaga ƙafa na taka hannun, na murje shi a kan ƙasa, na ji ƙasusuwan suna ƙara a ƙarƙashin tafin ƙafata. Ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Aka ƙyasta ashana. Wutar ba ta san launin zare ba, ta cinye fari, ta kama shuɗi, ta bi ta kan ja har da kashi na shida da aka ajiye mini, sannan ta lashi rumfar.

Abin kunyar shi ne na ji daɗi. Na koma gida ƙirjina a buɗe, ana nuna ni. Dattawa biyu a layinmu suka miƙo mini hannu suka ce na nuna ni ɗan halak ne. Ba wanda ya kira 'yan sanda. Baba Uku kuwa yatsun nan uku ba su ƙara riƙe basilla ba. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi gida, ban sake ganinsa ba, kuma ban taɓa sanin sunansa na gaskiya ba balle in neme shi.

Laraba ta warke daga dukan, amma tsokana ta ƙare a ɗakinmu. Ta daina karatu gaba ɗaya. Tana gaishe ni a durƙushe, ta ajiye abinci, ta shige ciki. Na ga tana ramewa, tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta tsaya sau biyu tana haki. Na ga tana yawan wanke tsummoki tana shanyawa a cikin ɗaki maimakon igiyar tsakar gida. Na ga kwalaben jiƙe-jiƙe na masu talla a bayan akwatinta. Duk na gani, na ce kunya ce take cin ta, kuma daidai ne ta ci ta. Maman Iliya ta tare ni sau ɗaya ta ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya, ka kai ta a duba ta." Na ce mata in tana ciwo tana da baki. Ban tuna cewa ni na rufe bakin ba.

Damina ta wuce, aka shiga wata daminar. Ranar nan ina gaban injina sai shugaban sashenmu ya dafa ni ya yi mini nuni da hannu in fito. A sashen duba yadi na tarar da mata sun yi da'ira, sun kare Laraba da zannuwansu. Ta yanke jiki ta faɗi, jini ya jiƙa siminti har ya taɓa yadin da take dubawa. Ni na ɗauke ta zuwa motar kamfani, ba ta fi nauyin buhun auduga ba. A asibiti aka ce ƙari ne a mahaifa, ya daɗe yana girma yana zubar mata da jini. Aka ɗebi jinina aka ƙara mata, aka shiga da ita tiyata. Don a ceci ranta sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu likitan ya zo zagaye, wani mutum mai sanyin magana. Ya dube ta ya dube ni.

"Wannan abin ya fi shekara yana ba ta alama. Da kun zo tun farko da ƙarin kawai za mu cire. Me ya hana ku zuwa?"

Laraba ce ta amsa, idonta a kan silin.

"Ban san abin da ake yi ba ne, likita."

Dangin saurayinta suka zo dubiya da lemo, suka yi addu'a, daga nan ba a sake maganar kai kaya ba. Ban ga laifinsu sosai ba a lokacin, yanzu ma ba ni da bakin ganin laifin kowa. Wata nas a ɗakin, da ta ji labarin daga bakin Maman Iliya, ta kawo mini irin littafin nan cikakke da bangonsa, ta ajiye mini a cinya. A kan bencin asibiti na karanta shi daga farko har ƙarshe. Ba daɗi a cikinsa ko kaɗan, ba jarumi, ba budurwa, ba wanda zai karanta shi don nishaɗi. Babi na biyu alamomi ne. Babi na uku yana cewa in mace ta ga waɗannan alamomin kada ta jira, kada ta sha jiƙo, ta gaya wa wani babba a gida ya kai ta asibiti, kuma abin yana da magani in an zo da wuri. Shafi huɗu ne kacal. Cikin duk littattafan da na karanta a rayuwata, shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba.

Yanzu yara suna ɗauke da duk wannan a aljihu. Yarinya za ta tambayi waya abin da ba za ta iya tambayar uwarta ba, ta sami amsa, wata gaskiya wata shirme. Tsofaffi irina suna ta ƙorafi a coci da masallaci cewa zamani ya lalace, yara sun san abin da bai kamata su sani ba. In aka fara wannan hirar nakan tashi in ba su wuri. Na ga abin da rashin sani yake yi, da ƙafata na taimaka masa.

Laraba tana nan da ranta a Romi. Ba ta yi aure ba. Ita ta yi rainon 'ya'yana huɗu, suna kiranta Mama, matata kuma suna kiranta da sunan babban ɗanmu. Na roƙe ta gafara ba sau ɗaya ba, kullum takan ce ya wuce, ta kawo wata hira. Bara, bayan an taso daga coci, na same ta a baranda tana ɓare agushi, na zauna ina taya ta. Mu biyu duk mun yi furfura. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, ranar na yi ta.

"Laraba, me ya sa kika ɓoye littafin nan cikin kayana? Da kin sa shi a akwatinki ai da ban gani ba."

Ta tsaya da ɓarewa, ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya kasa lissafi mai sauƙi.

"Ɓoyewa, Yaya? A sama na ajiye shi. Ta yaya zan buɗe baki in gaya wa yayana namiji irin wannan abu? Kwana uku ina ja maka layi a wuraren da suka yi daidai da ni. Na ce Yaya mai karatu ne, ba ya barin takarda ta wuce shi. In ya karanta zai gane, ya kai ni asibiti."

Ta ci gaba da ɓare agushinta. Ni kuwa na zauna ina kallon hannunta har ta gama kwanon ita kaɗai.